Inda Allura Ke Tsayawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu wata Talata da hantsi a gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda, tana zaune gaban bahon wanki, hannunta ɗaya cikin ruwa. Ummi, mahaifiyata, ce ta same ta. Ta ce sau biyu tana tambayarta inda ta ajiye sabulu kafin ta lura ruwan bahon ya daina motsi.

Maza suka kai ta bayan la'asar, suka dawo suka zauna kan kujerun da aka jera a lungu. Ta tagar ɗakina nake jiyo abin da suke cewa, ba shi da yawa. "Zabiya ce, Allah Ya yafe mata." Wani tsoho ya ƙara da cewa hannunta na da kyau a guga, bai taɓa ganin ta ƙona riga ba. Baba kuwa gahawa kawai yake zuba wa mutane, har waɗanda kofinsu bai ƙare ba.

Mata kuwa sai da gidan ya kasa ɗaukarsu. Kwana ukun zaman makoki, kullum bayan azahar suna shigowa, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Akwai Hausawan Sudan masu sayar da gyaɗa a bakin mina, tashar jiragen ruwa inda Baba ke aiki. Akwai wata Bayamaniya mai gasa burodi. Akwai matar wani limami da ta shigo fuska a rufe ta fita fuska a rufe. Kowace in ta yi wa Ummi gaisuwa, sai ta wuce kusurwar da tabarmar Gwaggo take, ta durƙusa gaban tabarmar da ba kowa a kai, ta ce a hankali, "Ni ce." Shi ke nan, ta miƙe.

Wata baƙuwa da ta zo aikin hajji daga Kano ba ta koma ba tukuna ta kasa haƙuri. "Wai wace irin ta'aziyya ce wannan? Ni ce, ni ce, ke ce wa?"

Khala, babbar 'yar amshin Gwaggo, tsohuwa haihuwar Sudan mai haƙorin zinariya ɗaya, ta dube ta sama da ƙasa. "Ba taki ba ce, ya binti. Ki gode wa Allah da ba ki san ta ba."

Ni duk wannan ta gefen labule na gan shi, domin ban fito ba. Wata goma sha ɗaya ke nan ina kwance a ɗakin ciki. Mijina ma'aikacin jirgin ruwa ne. Ya tafi tafiyar wata biyu, sai takardar saki ta zo daga Aden, layi uku, ko gaisuwa babu. Tun ranar na juya fuskata bango. Ina cin abin da zai riƙe rai, ina salla a zaune, magana kuwa sai ta zama dole.

A rana ta uku Khala ta ɗaga labulen ba ta jira izini ba.

"Yaya, gwaggonki, ta buɗe wa mata waƙa a garin nan, ban san iyakarsu ba, kowace ta rufe tata. Saura ɗaya." Ta daɗe tana kallon bayana. "Zabiya ba ta kwanciya da buɗaɗɗiyar waƙa. Na dai gaya miki."

Ta fita tsakar gida, ta cika bahon wankin da ruwa, ta kifa ƙwaryar Gwaggo a kai yadda ake yi in za a fara kiɗa, ta ce kada wanda ya ɗaga ta.

Sai na koma baya kafin a gane abin da Khala ke nufi. Dalilin rubutun nan ma ke nan. Maza sun ce zabiya sun wuce, ina tsoron kada abin da zai saura daga Gwaggo ya zama labarin guga.

Doguwa ce, baƙa, kullum da kanumfari a bakinta, har ɗakin da ta bari sai ya jima yana ƙamshinsa. Muryarta a ƙasa kaushi gare ta kamar ana jan buhu a kan siminti, amma in ta hau sama sai ta yi laushi har mutum ya ji ƙirjinsa na masa ciwo. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata take kirana tun ina rarrafe. "Uwata, taso ki dafa wa 'yarki shayi, tarbiyyar nan taki ba ta yi ba."

Ba ta shan komai a ƙwarya, ko ruwa. Ba ta kuma ɓoye dalili. Da ƙafa suka baro gida da niyyar hajji, ita da mijinta da 'ya'yanta uku da ƙaramin ƙanenta, wato Baba. Hanya ta cinye 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, mijin ya bi su a Sudan. Shekara huɗu ta yi tana waƙa a gidan marisa, giyar dawa da ake sha a can.

"Sha na yi, Uwata, ba kurɓa ba," in ji ta. "Ina waƙa ana zuba mini, ina sha ina waƙa, har na manta wanne ke biyan wanne."

Safiyar da za su hau jirgin Jidda ta je bakin teku ta zubar da ta ƙarshe, ta kife ƙwaryar. Ƙwaryar nan ce ta yi shekaru tana kaɗawa a bisa ruwa. Takan ce, "Da tana kallon sama ta kusa kashe ni. Da na kife ta sai ta koyi magana."

Duk shekara in alhazai sun fara sauka, sai Baba ya tayar da faɗansu. Yana tsoron kada baƙi 'yan garinsu su koma gida da labarin yayarsa na kaɗa ƙwarya.

"Yaya, ki duba, ƙasa mai tsarki ce fa."

"Na sani. Da ƙafata na zo ta, kana bayana kana goga mini majina a wuya."

"Wannan maganar ta wuce."

"Wuyana bai manta ba. Yalla, tafi minarka, kada buhuna su yi kewarka."

Baba ya fita yana gunaguni, da yamma ya dawo mata da kanumfari a ƙunshin takarda. Haka suke har ta rasu.

Ni kuwa tun ina budurwa ƙananan littattafan soyayya na Masar da ake sayarwa a bakin kasuwa suka cinye mini kai. Gwaggo ba ta karatu, sai in karanta mata ina juyawa da Hausa tana guga. In an zo inda saurayi ya tafi, budurwa ta jingina da taga tana hawaye har wata ya faɗi, sai Gwaggo ta ajiye dutsen guga.

"To, bayan ya tafi, me ta ci?"

"Gwaggo, ba a rubuta ba."

"Mai littafin nan bai taɓa jin yunwa ba. Juya gaba mu ga ko ta tashi ta yi wanka."

Budurwar ba ta taɓa tashi ba. A littattafan nan ko dai ya dawo ko ta mutu, ni kuma a lokacin gani nake ba abin da ya kai wannan kyau.

Akwai garmaho a gidanmu, akwatin waƙa mai faifai da allura, ta hanyar wanki ya shigo. Gwaggo na yi wa gidan wani injiniya Ba'amurke wanki da guga. Wata rana da hantsi ta tarar da matarsa a yashe a ƙasan ɗakin girki. Ta ce warin giyar bai buƙatar tafinta. Ta wanke mata fuska, ta zaunar da ita, ta ɗura mata shayi mai ɗaci. Da Baturiyar ta dawo hayyacinta sai ta ja jiki ta kunna garmaho, ta sa wani faifai. Mace ce ke waƙa ta hanci, bayanta wani abin kiɗa mai tsirkiya yana jan kuka kamar goge. Gwaggo ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma ta ce tun baiti na farko ta gane ta.

"Wannan a gidan giya ta koyi waƙa. Namiji ya yar da ita, ta sha, ta bari, yanzu a tsaye take ba da labarin. Ji inda muryar ta karye ta haɗe."

Gab da ƙarshen waƙar, sai allurar garmahon ta tsaya wuri ɗaya, matar cikin faifan ta riƙa maimaita kalma guda, ta maimaita, ta maimaita. Baturiya ta miƙa hannu za ta tura allurar. Gwaggo ta riƙe hannun.

"Bari. Amshi take jira."

A tunanin Gwaggo abin a fili yake. Ashe a ƙasarsu mace ita kaɗai take waƙa, ba 'yan amshi a bayanta. Baiwar Allah ta kira ta kira, ba mai amsawa, ta kuma ƙi wucewa. Gwaggo ta dafa ƙirjin Baturiyar, ta nuna mata faifan, ta yi ta nunawa har matar ta faɗi wani abu da harshensu tana kuka. Sannan Gwaggo ta tura allurar da farcenta. Wata bakwai suka yi a haka duk ranar wanki. Da za su bar ƙasar, matar ta zo har lungunmu a tsaye da ƙafafunta, idonta garau, ta ajiye garmahon da faifan. Tun daga nan Gwaggo ke kiran mai waƙar ƙanwata ta faifai.

Daga faifan nan ta samo waƙar tashi. In mace ta faɗi, ko miji ya yar da ita, ko ta binne ɗa, ko ta kama shan abin da ba a faɗa, har 'yan uwa suka gaji da lallashi, sai a kawo ta gidanmu bayan azahar, maza na wurin aiki. A kifa ƙwarya a baho, 'yan amshi su zagaye. Gwaggo ta yi ta jan baitoci suna amsawa, har ta zo nan:

Rana ta raba tsaka,
tukunya ta huce, tabarma ta gaji.
Wa ke kwance a bayan ƙyaure?

A nan 'yan amshi ke yin shiru. Matar da aka kawo ita kaɗai za ta ce, "Ni ce, kuma na tashi." In ba ta ce ba, Gwaggo ta sake tambaya, ƙwarya na bugawa ɗaya ɗaya, ta sake, ta sake, kamar allurar nan.

Ranar Bayamaniya mai burodi, wadda teku ta ci ɗanta, ina nan ina kallo. Tun azahar Gwaggo ke tambaya har inuwa ta haye bango. Hannunta ya kumbura. Khala ta ga abin ya yi tsawo, ta buɗe baki za ta amsa wa matar, Gwaggo ta taka mata ƙafa ba ta fasa kiɗa ba.

"Amshi ba a aro."

Dab da magariba matar ta ce, "Ana," wato "ni ce" da Larabci, da ƙyar aka ji, ta dafa bango ta miƙe. Gwaggo ta ce, "Halas, shi ke nan, ta amsa," ta rangaɗa guɗa, ta kuma aika a sayo mata burodi a wurin matar washegari, don dole ta hura wuta.

Ni sau uku ta buɗe mini waƙar. Sau biyu da 'yan amshi a ƙofar ɗakina, na ja mayafi na rufe kaina har suka watse. A raina ina ganin in na tashi na ci amanar son da na yi masa. Ina jiran ko dai ya dawo ko in mutu.

Na uku ita kaɗai ta shigo, da tsakar rana, ɗauke da garmahon. Ta cusa masa tsumma a baki don kada maƙwabta su ji, ta murɗa hannunsa, ta ɗora allura. Muka saurara har matar ta zo inda take tsayawa. Gwaggo ta sunkuyo, ƙamshin kanumfari ya cika mini hanci, ta ce a kunnena, "Uwata, wa ke kwance a bayan ƙyaure?"

Na juyo. Maganar da ta fi kowace tsawo da na yi cikin watannin nan ita ce wannan, kuma ita ce ta ƙarshe da na yi mata.

"Ba amshi take jira ba, Gwaggo. Faifan ne ya kwarzane. Duba ki gani, ga kwarzanen nan. Shekara da shekaru kina tara mata suna amsa wa faifan da ya lalace. Ki ƙyale ni."

Ta ɗaga allurar. Ta karkata faifan wajen hasken taga, ta bi kwarzanen da yatsa.

"Na gan shi tun ranar farko," in ji ta. "Kowa a inda ya kwarzane yake tsayawa. Ni ma a nan na tsaya shekara huɗu."

Ta rufe akwatin, ta tura shi ƙarƙashin gadona da ƙafa.

"Yana nan. Ni ban iya dogon jira kamar da ba. Ƙanwata ta faifai ta iya."

Kwana tara bayan wannan Ummi ta same ta a gaban baho.

Da aka watse daga makoki gidan ya yi tsit, sai ƙwaryar da Khala ta kifa. Da safe ba a jin ta, da yamma ma haka. Sai rana ta raba tsaka, lokacin da Jidda ke mutuwa, ba mai tallan ruwa, ba jaki, ko kuliyoyin lungu sun shige inuwa, sai in ji ta taɓa gefen baho. Ƙwal. Shiru. Ƙwal. Ba iska a tsakar gidanmu a wannan lokacin, bangaye huɗu ne dogaye. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kuwa na san ta, ita ce tazarar allura in ta tsaya. Ummi ta ce zafi ne ke motsa ruwa. Amma daga rana ta biyu ta koma yin ƙailula a gidan maƙwabta.

Ranar shida Baba ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya yadda zan ji. "Gobe in na dawo daga mina, ƙwaryar nan da akwatin waƙar nan teku zan kai su. Ya isa haka. A bar Yaya ta huta."

Khala na bakin ƙofa tana gyara mayafi. "Kai su. Hutun dai ba a teku yake ba."

Washegari da tsakar rana ni kaɗai ce a gidan. Ƙwal. Ƙwal. Na san in la'asar ta yi shi ke nan, waƙar za ta tabbata a buɗe, ni a kwance, Gwaggo kuma da maganata ta ƙarshe a kunnenta. Na zuro hannu na jawo akwatin. Murɗa hannun garmahon ya ɗauke ni lokaci, domin damtsena ya zama kamar tsumma. Na ɗora allura, na koma na kwanta.

Matar ta fara. Ban taɓa sauraronta ni kaɗai ba. Ban san kalmominta ba har yau, amma na ji inda muryar ta karye ta haɗe. Ta zo wurin, ta tsaya.

Na bar ta. Garmahon nan in an murɗa shi waƙa ɗaya yake ja, sai murya ta yi nauyi ta mutu, kowa a gidanmu ya san wannan. Na ce bari ya mutu da kansa. Bai mutu ba. Hasken da ke shigowa ta taga ya tashi daga ƙafar gado ya kai tsakiyar ɗaki, matar na nan a kalma ɗaya, muryarta ba ta yi nauyi ba, ƙwarya a waje na bugawa tare da ita. Sai na ji ƙamshin kanumfari. Ba mai ƙarfi ba, kamar na wanda ya sunkuyo.

Na nemi muryar mijina a raina in riƙe, yadda na saba. Na rasa ta. Duk abin da na tuno ya faɗa mini, sai in ga a littafi na karanta shi.

"Ni ce," na faɗa. Murya kamar ƙyauren da ya daɗe a rufe.

Allura ba ta wuce ba. Na gane dalili. Sauran amshin ba a faɗarsa a kwance. Na sauko da ƙafafuna ƙasa, siminti ya yi mini sanyi kamar baƙo. Na kama ƙarfen gado da hannu biyu, ɗakin ya juya, na jira ya tsaya.

"Kuma na tashi."

Hannayena biyu suna kan ƙarfen gado, ina iya rantsuwa da wannan. Allurar ta wuce. Matar ta ja baitinta na ƙarshe, wanda ban taɓa ji sosai ba domin kullum guɗar Gwaggo ke rufe shi. Ashe a ƙarshen akwai 'yar dariya, gajeriya, ta wadda ta sauke kaya. Sannan garmahon ya mutu.

Na fita tsakar gida ina dafa bango, rana ta soke mini ido. Ƙwaryar na tsakiyar baho, ruwan a kwance ko gezau. Na ɗaga ta, na share ta da gefen zanena, na rataye ta a ƙusarta a kife. Na zubar da ruwan. Na yi wanka. Da na ji yunwa sai na tuna tambayar Gwaggo, na ci ragowar burodin safe a tsaye.

Baba ya dawo bayan la'asar da buhu a hannu. Ya same ni ina hura gawayi. Ya dubi bahon, ya dubi ƙusa, ya dube ni.

"Wa ya ɗaga ƙwaryar?"

"Ni ce."

Ya ninke buhun ya zauna a kansa, a gefen tabarmar Gwaggo, ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙunshin kanumfari, wanda hannunsa ya saya bai shawarce shi ba. Ya ajiye a kan tabarmar.

"Uwata," in ji shi, "sa wa shayin nan ƙwayar kanumfari biyu."

Bai kai komai teku ba. Faifan yana wurina. Kwarzanen na nan, ana ganinsa in an karkata shi wajen haske, amma tun daga ranar allura ba ta ƙara tsayawa a kansa ba. Na gwada wa Khala sau uku. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ƙanwar Yaya ta samu amshinta, ta ja matashi ta yi barci a nan inda take zaune.

Allah Ya ji ƙan Gwaggo, Ya yafe mata shekaru huɗun da ba ta ɓoye ba, Ya saka mata da jiran da ta yi wa matan da kowa ya gaji da jiransu. Ranar da za a kira kowa ya tashi, Allah Ya sa ta amsa tun kira na farko.